Ƙaramar Motar Kaya: Riba Ce, Ko Cin Uwar Kuɗi?

Duk wanda ya tsaya bakin kasuwar Dawanau ko ta Singa a Kano da hantsi, ko ya bi ta kasuwannin ƙauye ran da su ke ci, zai ga waɗansu 'yan ƙananan motocin kaya masu buɗaɗɗen baya suna kai da kawowa kamar tururuwa. Wannan ta ɗauko siminti, waccan buhunan masara, wata kuma gadaje da kujerun amarya. Mun lura cewa akawunan ƙananan hukumomi da malaman makaranta da yawa sun sa ido a kan wannan sana'a. Wani ya kwashi adashi, wani ya ci bashin ƙungiyar ma'aikata, wani kuma garatutinsa na shekara 35 ya ke jira, kowa burinsa ya sayi guda ɗaya ya ba direba, kullum da yamma a kawo masa balas. Saboda haka muka ga ya kamata mu zauna mu yi wa motar nan lissafi irin na akawu, domin kuɗin da mutum ya tara da gumin rayuwarsa ba abin wasa ba ne.

Asalin motar

Da can, akori-kura ƙirar Peugeot ita ce jakin 'yan kasuwar Arewa, musamman bayan da aka buɗe masana'antar harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna cikin 1975. Da waɗannan suka tsufa, sababbi kuma suka fi ƙarfin talaka, sai ƙananan motocin Japan na hannu suka cike gurbin. Waɗanda aka fi gani su ne Daihatsu Hijet, wadda aka fara ƙerawa a 1960, da Suzuki Carry, wadda ta biyo baya a 1961.

Ya kamata mai saye ya san abin da aka ƙera motar nan dominsa. A Japan akwai doka ta musamman a kan irin waɗannan ƙananan motoci. Tun 1990 girman injinsu bai wuce cc 660 ba, watau bai kai rabin injin ƙaramar motar shiga ta gida ba, silinda uku ne kurum a cikinsa. Tun 1998 tsawon motar bai wuce mita 3.4 ba. Nauyin kayan da doka ta yarda ta ɗauka kuwa kilo 350 ne. Manomin Japan ya kan ɗora mata 'yan kwandunan kayan lambu, ya bi titi mai kyau zuwa kasuwar garinsu. Akwai waɗansu da aka riƙa harhaɗawa a Italiya tun 1992 domin kasuwar Turai, injinsu ya ɗan fi girma, suna kuma ɗaukar fiye da haka, amma su ma yawancinsu ba su kai tan ɗaya ba.

To, mu auna kilo 350 da ma'aunin kasuwarmu. Buhun siminti kilo 50 ne, watau buhu 7 ke nan. Buhun masara na kilo 100 kuwa, uku da rabi. Mai karatu ya tambayi kansa, yaushe rabon da ya ga motar nan ta fito daga kasuwa da buhun siminti 7 kaɗai? Wanda ya ɗora mata buhu 20 ya aza mata tan guda, kusan ninki uku na abin da aka yi ta dominsa. Yawancin cututtukan da za mu lissafa a ƙasa daga nan su ke tasowa.

Wani abu kuma, a Japan ta hannun hagu a ke tuƙi, sitiyarin motocinsu yana dama. Nijeriya kuwa ta koma tuƙi ta hannun dama tun ran 2 ga Afrilu, 1972, dokar hanya kuma ba ta yarda da mota mai sitiyari a dama ba. Don haka sai an juya sitiyarin tukuna. Waɗansu ma a wargaje a ke shigo da su cikin kwantena, a harhaɗa su a nan. Aikin juyin nan ya shafi sitiyari da birki da kuloci da wayoyin wuta duka. In gwani ya yi, madalla. In kuwa aka yi shi da walda ta ganin dama, mai motar ya sayi rigima tun ran farko, ran da waldar ta saki a kan hanya kuma ba dukiya kaɗai za a yi hasara ba.

Cututtukan da su ka fi kama ta

Na farko zafin inji. Injin motar nan a ƙarƙashin kujerar direba ya ke, ko ɗan baya kaɗan, wurin da iska ba ta wadace shi ba. A watan Afrilu zafin garuruwanmu ya kan wuce digiri 40, ga lodi ya yi yawa, ga cunkoso. Sa'an nan direbobi da yawa ruwan rijiya su ke ɗura wa lagireto maimakon ruwan da aka yi domin haka. Ruwan rijiya ya kan bar tsatsa da ƙasa, su toshe 'yan hanyoyin da ruwa ke bi. Makanikai kuma sun saba cire ɗan abin nan da ke daidaita zafin inji, su ce ba a bukatarsa a ƙasar zafi, alhali cire shi ba ya wanke lagireton da ya toshe. Ran da allurar zafi ta hau, direba ya ce bari ya ƙarasa kai kaya tukuna, ran nan gasket ya ke ƙonewa, kan injin ya karkace, ruwa ya haɗu da baƙin mai. Gyaran da tsayawar minti 20 za ta hana sai ya zama na sauke inji.

Na biyu baƙin mai da ƙura. Ƙaramin inji dole ya yi ta juyawa da sauri kafin ya ja nauyi, baƙin man da ke cikinsa kuma bai fi lita uku ba, saboda haka da wuri ya ke gajiya. Mota mai aikin wahala irin wannan bai kamata ta wuce kilomita 5,000 ba a yi mata juye ba, in an rage ma ya fi. Amma agogon kilomita na motoci da yawa ya mutu, sai a bar juye sai ran da aka tuna. Ga kuma baƙin mai na awo da a ke sayarwa a kwalabe bakin hanya, wanda ba mai iya rantsuwa a kan abin da ke ciki. Lokacin hunturu ƙura ta kan cika matatar iska, wani direban ya cire ta ya yar don mota ta ƙara ja. Ƙurar da ta shiga inji kuwa kamar yashi ce a ƙwayar ido, ita ke cinye ringi da jikin silinda. Alamarta hayaƙi mai shuɗi-shuɗi daga salansa da shan baƙin mai. Ƙarshenta a ce inji ya buga.

Na uku bel ɗin da ke daidaita tafiyar inji, wanda makanikai ke kira taimin bel. Tsofaffin injunan Hijet da na Carry da bel na roba su ke aiki, na baya-baya ne aka koma wa sarƙa. Ka'idar masu ƙera su a canza shi wajen kilomita 100,000. Wanda ya sayi motar hannu ba shi da hanyar sanin ko an taɓa canzawa. Bel ɗin nan ba ya ba da sanarwa, tsinkewa kawai ya ke yi, a injuna da yawa kuma ya kan tafi da bawul. Mai hankali ya kan canza shi a makon da ya sayi motar, ya rubuta kwanan wata.

Na huɗu kuloci da giya. Tashi da tan guda a kan inji mai silinda uku sai an riƙa murza kuloci, musamman a yashi ko a hawa. Farantin da zai yi shekaru sai ya ƙone cikin watanni. In ka ji inji yana kuka mota ba ta gaba, ko ka ji ƙauri kamar na ƙonannen tsumma, to, ya kusa.

Na biyar ƙafafu, watau sifirin da shokozoba da boris da taya. Da sifirin ya kwanta, sai a je wurin mai walda a ƙara masa ganye biyu ko uku. Daga nan motar ta daina nuna gajiya a ido, amma nauyin bai tafi ko'ina ba, ya koma kan shasi da gatarin baya da boris, waɗanda ba a ƙara musu kome ba. Tayoyinta ƙanana ne, yawanci kuma na hannu a ke sa mata. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu da ke nuna makon da shekarar da aka yi ta. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana gargaɗi a kan tsofaffin tayoyi, domin roba tana mutuwa ko da zanenta bai goge ba.

Na shida, wanda ya fi duka hatsari, birki. An auna birkin motar nan da nauyin da aka rubuta mata. In an ninka nauyin, an ƙara nisan da za ta yi kafin ta tsaya, a gangara kuma birkin ya kan yi zafi ya saki. Direba kuwa a can gaba ya ke zaune, ba abin da ya raba ƙafafunsa da abin da zai daka sai ɗan ƙarfe marar kauri. Sau da yawa kuma akwai mutane zaune a kan kaya.

Abin da ya sauya tun 2023

Waɗannan cututtuka sun daɗe, abin da ya sauya shi ne kuɗin maganinsu. Ran 29 ga Mayu, 2023, Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur. Litar da a ke sayarwa ƙasa da naira 200 a farashin gwamnati ta haura naira 500 a Arewa cikin 'yan kwanaki, a watan Oktoba na 2024 kuma ta wuce naira 1,000. Tun daga nan farashin yana hawa yana sauka bisa ga kasuwa, amma bai koma kusa da na da ba. A watan Yuni na 2023 kuma aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Dalar da ke wajen naira 460 a farashin gwamnati ta wuce naira 1,500 cikin 2024. Kayan gyaran motocin nan kusan duka daga waje su ke zuwa, ko sababbi ko na hannu, saboda haka duk abin da ya sami naira sai ya bayyana a Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna. Inshorar dole ma, wadda ke biyan wanda aka yi wa ɓarna, an ɗaga ta tun Janairun 2023. Ta motar gida ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000, ta motocin kaya ta fi haka, 'yan sanda kuma suka fara matsa bincikenta ran 1 ga Fabrairu, 2025.

Kuɗin dako shi ma ya tashi, amma ba zai iya bin fetur ƙafa da ƙafa ba, gama masu ba da kayan talakawa ne, in an tsawwala musu sai su nemi mai kura ko mai amalanke. Direba kuwa balas ɗinsa ƙayyadadde ne, ko ya samu ko bai samu ba. Ga kuɗin tikitin ƙungiya, ga na 'yan kamasho, ga masu karɓar haraji a bakin kasuwa da kan hanya. Ina zai cike giɓin? Hanya biyu ce a gabansa: ya haɗa kayan sawu biyu a sawu ɗaya, ya kuma jinkirta juye da ƙananan gyare-gyare. Duk abin da ya ƙaru daga lodin nan aljihunsa ya ke shiga, ɓarnar kuwa tana taruwa a jikin motar, tana jiran mai ita. Ba mu ce direbobi mugaye ba ne. Tsarin balas ɗin ne ya sa amfanin direba ya saɓa da na mai mota, ko wa aka sa a kujerar nan kuwa abin da zai yi ke nan. Mai mota yana murna balas bai taɓa yankewa ba, bai sani ba guntun injinsa a ke yanko masa kullum a miƙa masa.

Lissafin akawu

Bari mu kawo misali. Alkaluman nan ƙaddarawa ce kurum domin a ga yadda lissafin ke tafiya, kowa ya cire su ya sa na garinsu. A ce malam ya sayi mota naira miliyan 4, aka yanka balas naira 10,000 a rana, fetur da tikiti na direba. Lissafin da a kan yi a zaure shi ne, kwana 30 naira 300,000, cikin wata 14 uwar kuɗi ta dawo.

Amma mota ba ta aiki kwana 30. Akwai ranar hutu, akwai ranar gareji, akwai ranar da aka kama ta, akwai ranar biki ko rasuwa. A ce kwana 22, watau naira 220,000. A cire na juye da matatu, a ce 20,000. A cire rabon taya na wata, 15,000. A cire tanadin kuloci da birki da sifirin da batir, 35,000. A cire rabon lasin da inshora da takardar lafiyar mota, 5,000. Saura 145,000.

Akwai sauran abu guda wanda kusan kowa ke mantawa, shi ne tsufan motar kanta. Wanda ya sayi jaka, in ta tsufa ta bar masa 'ya'ya. Mota ba ta haihuwa. A ce bayan shekara 4 za a sayar da ita naira miliyan 1. Miliyan 3 ke nan suka narke cikin wata 48, watau naira 62,500 kowane wata. Wannan kuɗi ba riba ba ne, uwar kuɗi ce ta ke dawowa da kaɗan-kaɗan, wanda ya ci shi ya ci jarinsa. In an cire shi, abin da ya rage naira 82,500, ita ce ribar gaskiya. Ba ta kai sulusin abin da aka lissafa a zaure ba. A shekara ta kama naira 990,000, kusan rubu'in jarin. Mai karatu ya tuna cewa Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a watan Disamba na 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. A shekara irin wannan, ribar rubu'i ba ta ma riƙe darajar kuɗin ba, kuɗin da aka sayi motar da shi kuma ba zai sayi irinta ba ran da ta mutu. In kuwa inji ya buga sau ɗaya, ribar watanni ta tafi. Wanda ya ci bashi ya saya, sai ya cire biyan bashin daga ɗan abin da ya rage.

Shawararmu

Ba mu ce kada a saya ba. Motar nan tana da amfani ƙwarai, tana shiga lungun da babbar mota ba ta shiga, ba ta shan mai da yawa, ta kuma ciyar da gidaje masu yawa. Amma ta fi yi wa mai tuƙa abinsa riba, domin shi ne ke jin kukan inji ya tsaya. Ma'aikacin da ke ofis ko aji tun safe har azahar, in lalle sai ya shiga, to, ya kiyaye abubuwa kaɗan.

Kada ya zuba dukan abin da ya mallaka a sayen motar. Ya bar aƙalla abin da zai sayi inji na hannu a ajiye. Ran saye ya tafi da makanikin da ya amince da shi, wanda ba shi da alaƙa da dillali, a duba aikin juyin sitiyari, a duba shasi ko an yi masa walda, a buɗe murfin baƙin mai a ga ko ya yi fari kamar madara, a tashi injin da sanyin safiya a duba hayaƙi. Ya tabbatar da takardun kwastan, ya gwada lambar shasi da wadda ke takarda. Araha ba ta ado.

Sa'an nan ya sayi littafi na musamman domin motar, ya riƙa rubuta kowane juye da kowane gyara da kwanan watansa. Abin mamaki ne a ga akawun da ke riƙe da littafin kuɗin hukuma ba kuskuren kwabo, amma motarsa ba ta da ko takarda guda. Juye da sayen kayan gyara ya riƙe su a hannunsa, kada ya bar wa direba a cire daga balas. Kuɗin tsufan mota ya ware shi dabam kowane wata, kada ya shiga cefane.

Game da direba kuwa, ya fi kyau a yi yarjejeniyar da za ta sa lafiyar motar ta zama amfaninsa. Waɗansu su kan raba abin da aka samu bayan an cire mai da gyara. Waɗansu su kan yanka kuɗi, direba ya riƙa biya a hankali har motar ta zama tasa, wanda ya san motar tasa ce gobe kuwa ba ya karya ta yau. Ko wanne aka zaɓa, a rubuta, a sa shaidu, a faɗi iyakar lodi. Addini ma ya yi umurni da rubuta bashi, kunyar rubutu tsakanin 'yan'uwa kuwa ta raba zumunci da yawa. In balas ɗin da aka yanka ba ya samuwa sai da lodin tan guda, gara a rage shi. Garin neman ƙiba a kan samo rama.

Hukuma ita ma da nata. Yawan masu karɓar kuɗi a hanya da bakin kasuwa yana cikin abin da ke tura direba ga lodin wuce kima, ya kamata gwamnatocin jihohi da ƙananan hukumomi su haɗe waɗannan kuɗaɗe wuri guda, da rasit, kowa ya san abin da ke kansa. Ma'aikatan duba lafiyar motoci su riƙa duba birki da sitiyarin da aka juya da idonsu kafin su ba da takarda. Makarantun koyon sana'a su buɗe ƙofa ga makanikan gareji, su ƙaro ilmi a kan injunan zamani masu aiki da na'ura, waɗanda ba a gyara su da kunne kaɗai. Hanyoyin ƙauye kuma, inda motocin nan ke kwaso amfanin gona, kowane rami da aka cike ya rage wa wani talaka kuɗin sifirin.

Ƙungiyoyin ma'aikata masu ba da rance su ma muna roƙonsu, kafin su miƙa wa ɗan ƙungiya kuɗin mota, su zaunar da shi ya yi lissafin nan a gabansu, da farashin garinsu na ranar. In lissafin ya fita, Allah ya sa albarka. In bai fita a takarda ba, ba zai fita a kan titi ba, gara malam ya ji haushin ƙungiya na kwana biyu da ya wayi gari yana da shekara 60, ga mota a kan duwatsu a ƙofar gida, ga bashi. Allah ya ba mu ikon auna abu kafin mu ɗauka, amin.